Mariƙi da kunama: ina so in gyara bindigata Glock a gida, me kuka gani?

Baban Amira, Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Shekara biyu ke nan da na sayi Glock 19 ƙirar Gen 3, ta hannu ce amma a shago mai lasisi, na cike takarda aka bincike ni, kuma ina da lasisin ɗauka na jihar Texas. Dalilin sayen ba ɓoyayye ba ne: aikin dare nake yi, ni nake rufe shago ƙarfe biyu, daga nan in tuƙa minti arba'in zuwa gida.

Abu biyu ne suka dame ni. Na farko mariƙin. Hannuna mai gumi ne, wanda kuwa ya san Houston a watan Agusta ya san abin da nake faɗa. In na je filin harbi, kafin in gama magazin (gidan harsashi) na biyu robar ta fara santsi a tafina kamar sabulu. Sannan ramukan yatsun nan da aka yi a gaban mariƙin ba su zo daidai da nawa ba, yatsana yana hawa kan tudu maimakon ya faɗa rami, ga kanta da ta fito min a gaɓar yatsan tsakiya inda zoben da ya kewaye kunama yake gugata. Na biyu, harbina kullum ƙasa yake sauka ta ɓarin hagu, kuma ina zargin kunamar ce ta yi tauri.

Na kalli bidiyo da yawa a YouTube inda mutane ke ɗaukar ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo su yi wa mariƙin ɗigo-ɗigo har ya yi kaushi, su goge tudun yatsun da sanfefa, su kuma sassauta kunama. Na riga na sayi ƙarfen sodar. Kafin in jona shi na ce bari in tambaya.

Sajan Mai Ritaya, Killeen

Wa alaikumus salam. Ƙanena, madalla da ka tambaya tun ƙarfen bai yi zafi ba. Na yi shekaru ina kula da ɗakin makamai a rundunar sojan Amurka, kuma abin da zan fara ce maka shi ne ka raba maganar nan gida biyu, don ka haɗa abu biyu da ba nauyinsu ɗaya ba. In ka ɓata mariƙi, kuɗinka ka ɓata. In ka ɓata kunama, ana iya rasa rai.

Maganar mariƙi tukuna. A dokar ƙasar nan, wannan ɓangaren roban na ƙasa shi ne bindigar. Juya ta ka duba ƙarƙashin gabanta, za ka ga ɗan faifan ƙarfe a manne cikin robar da lamba a kai. Bututu da sifirin da sauran tarkace kana iya yin oda su zo maka ta gidan waya, amma in ka ƙona wannan gangar jikin har ta lalace, sai ka koma wurin dila mai lasisi kamar mai sayen sabuwa. Kuma kada wuta ko sanfefa su kusanci faifan lambar ko da wasa, taɓa lambar bindiga laifi ne na tarayya.

Shi zanen wutar da kake gani, mu da muka taso muna ganin masu zanen ƙwarya da jan ƙarfe ba baƙo ba ne a wurinmu, dabarar ɗaya ce. Bambancin shi ne ƙwarya in ta ɓaci a ɗauko wata. Wannan kuwa kamar tsagar fuska ce, in an yi ta an yi ta. Saboda haka fara da abin da za ka iya cirewa. Akwai fefa mai gam da ake yankawa daidai da kowace ƙirar bindiga, irin ta Talon, kuɗinta bai wuce na fita cin abinci sau ɗaya ba. Akwai mai kaushin yashi, akwai mai laushin roba. Akwai kuma rigar roba ta Hogue da ake zura wa mariƙi. Kai, tsofaffin da suka koya min ma tsohon tib ɗin keke suke yankawa su zura, kamar yadda ake naɗa wa ƙotar fartanya, kuma yana aiki. Yi wata biyu da ɗayansu. In har lokacin zuciyarka tana kan wuta, aƙalla ka san daidai inda tafinka yake buƙatar kaushi da inda ba ya buƙata.

Kunama kuwa, bar ta yadda take. Zan dawo kanta in na idar da sallah.

Ɗan Gasa, Atlanta

Sajan, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarku. Amma kada mu tsorata bawan Allah fiye da kima. Ni da hannuna na yi wa bindigogina biyu zanen wuta, ina shiga gasar harbi ta USPSA da ɗaya, kuma babu fefar da ta taɓa ba ni riƙon da zanen ya ba ni. Fefa tana ɗagowa daga gefe in gumi da man bindiga suka shige ta, duk bayan 'yan watanni sai ka sake.

Baban Amira, gaskiyar da masu bidiyo ba sa nuna maka ita ce sun yanke awa biyar sun bar maka minti takwas. Aikin haƙuri ne. Ni sai da na cika bayan tsofaffin magazin uku da ɗigo kafin hannuna ya san iya dannawar da ta isa. Duk da haka a karon farko na yi kuskure: ta bayan mariƙi na bar ƙarfen ya daɗe a wuri ɗaya, robar ta ɗan lotsa ta ciki. Ido ba ya gani, amma daga ranar magazin ya daina faɗowa da kansa in na danna maɓalli, sai na ja shi da hannu. Bangon wurin ya fi yadda kake zato siranta. Na yi kwana biyu ina gogar cikin a hankali kafin ya koma daidai, kuma har yau in na so sayar da ita na san rabin kuɗi za a taya, domin ba mai son sayen zanen hannun wani. Ga hayaƙin, robar dangin nailan ce, warinta yana hawa kai. A gareji na yi, ƙofa a buɗe, fanka tana kaɗawa.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: in ka rage ƙasan zoben kunama saboda kantar nan, sake gwada kubenka. Kuben roba mai tauri a jikin zoben yake kama bindiga, wannan ƙarar "ƙas" da kake ji in ka mayar da ita daga nan take. In siffar zoben ta canja, riƙon yana iya sakwarkwacewa.

A kan kunama kuma ban yarda a ce kada a taɓa sam ba. Zan jira Sajan ya kawo hujjarsa.

Maman Biyu, Dallas

Sannunku. Ni nas ce, kuma ina da tawa bindigar, don haka bari in sa baki. Baban Amira, ka tabbata matsalar ba girman bindigar ba ne? Hannuna ƙarami ne, Glock 19 ta maigidana ba na iya kai yatsa kan kunamarta sai na karkata riƙo. Ban sassaƙe komai ba, na je filin da ake ba da haya na gwada guda biyar, na tsaya a kan Glock 43X mai siririn mariƙi. Su Glock ɗin ma ai sun ji koken mutane, tun 2017 da suka fitar da Gen 5 suka cire ramukan yatsun nan. Kana iya ba da taka a yi musaya ka cika kuɗi, ba wuta ba hayaƙi.

Sannan maigidana ya kai tasa an yi mata zanen, mai kaushi sosai ya zaɓa. A filin harbi ya ji daɗinta. Amma ɗaukarta a ƙugu wuni guda, ta goge masa fata har ta yi ja, kuma rigunansa uku na gani da 'yan huji a wuri ɗaya. Ƙarshe sai da aka rage kaushin ɓangaren da ke taɓa jiki.

Abin da ya fi damuna dai ba wannan ba ne. Ita Glock ba a kwance ta sai an ja kunama. Duk wanda zai zauna yana kwancewa yana ɗaurawa sau goma a dare ɗaya saboda gyara, sau goma ke nan yana jan kunama a cikin gidan da Amira take barci. Na karɓi mutum a asibiti da rauni a tafin hagu, ba ɗan fashi ne ya harbe shi ba, goge bindigarsa yake yi. Ya cire magazin, ya manta da guda ɗaya da ke cikin bututu. Ban manta fuskar matarsa ba. Don Allah ko me za ka yi, harsasai su kasance a wani ɗaki daban a kulle, ka duba ramin bututun da ido, ka sa yatsa ka taɓa, ka sake dubawa.

Baban Amira, Houston

Hajiya na gode, wannan ta shige ni. Akwatin ƙarfe mai lamba nake sa ta in na dawo, amma gaskiya a teburin falo na yi niyyar yin aikin. Na fasa.

Sajan Mai Ritaya, Killeen

To, kunama. Baban Amira, da dama kake harbi ko? Na san amsar tun kafin ka faɗa, domin ƙasa ta hagu ciwon na-dama ne, bahago kuma nasa ƙasa ta dama yake sauka. Ga abin da ke faruwa. Bindigarka cike da harsashi 15 ba ta kai kilo ɗaya ba. Kunamarta kuwa tana buƙatar jan kusan laba 5.5, wato kilo 2.5. Kana jan abin da ya ninka nauyin bindigar kusan sau uku da yatsa ɗaya. In sauran yatsun suka taya shi matsewa a daidai lokacin, ko jikinka ya riga ƙarar ya dunƙule, hancin bindigar ya sunkuya kafin harsashi ya fita. Ba kunamar ce ta yi laifi ba. Ka ba wanda ya ƙware wannan bindigar taka, a gabanka zai tara harsasai biyar a wurin da tafin hannu zai rufe.

Gwaji mai sauƙi: ka sayi harsasan bogi na atisaye, ka ba abokinka ya cakuɗa guda biyu cikin magazin ba tare da ka san inda suke ba. Ranar da ka ja kunama a kan na bogi, da idonka za ka ga hancin ya yi ƙasa alhali babu abin da ya tashi. Daga nan gardama ta ƙare.

Dalilin da ya sa nake tsoron hannun mai koyo a cikin kunama shi ne, Glock ba ta da maɓallin tsaro na waje da za ka ɗaga ko ka sauke. Tsaronta uku ne kuma duka a jikin tafiyar kunamar suke: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, da ɗan toshin da ke tare allurar da ke bugun harsashi, da ɗan dandamalin da ke hana ƙarfen kunama sauka in bindiga ta faɗi. Jan kunama shi ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sakinta ya mayar da su. Tazarar da ake magana a kai ba ta fi kaurin farce ba. Wanda ya rage tafiyar farko ta kunama don ta yi "daɗi", yana iya buɗe tsaro ɗaya ko biyu tun bai taɓa ta ba, kuma daga waje ba zai gani ba.

Bayan na yi ritaya wani maƙwabcina ya kawo min tasa. Ya kalli bidiyon goge ƙarafan ciki don su yi sheƙi, ya ga sheƙin bai ishe shi ba ya sa injin guga, ya cinye kusurwar da bai kamata a taɓa ba. A filin harbi ya ja sau ɗaya ta tashi sau biyu. Allah ya sa hancin yana kallon gaba. Da ya ajiye ta a kan tebur hannunsa rawa yake yi. Sai da muka zubar da kayan cikin gaba ɗaya muka sa na kamfani. Ƙarfen da ka goge ba ya dawowa.

Ɗan Gasa, Atlanta

Sajan, a kan injin guga babu musu, wanda ya kai inji cikin kunama ya nemi fitina. Amma sauya kaya da kaya daban ne da sassaƙa. Glock 34 daga masana'anta ta zo da konekta (ɗan ƙarfen ciki da ke tsara nauyin jan kunama) mai sauƙi, kusan laba 4.5, kuma a 2023 kamfanin da kansa ya fitar da kunama ta musamman don masu son ja mai santsi. In sauƙin ja haɗari ne zalla, da ba su sayar ba.

Kuma ku dubi 'yan sandan birnin New York. Shekara da shekaru suna ɗaukar bindiga mai kunamar laba 12, sama da kilo 5, don gudun harbin kuskure, tun lokacin da suka baro rifolba. Me ya faru? A 2021 suka fara ba sababbin ɗauka mai kusan laba 5, saboda sun gwada sun ga an fi samun saiti da ita. Ashe tauri ma yana da nasa haɗarin, harsashin da ya kauce ai wani wuri zai sauka.

Sajan Mai Ritaya, Killeen

Ɗana, misalinka ni ya taimaka. Daga 12 suka sauko zuwa ina? Zuwa inda bindigar Baban Amira take a yanzu. Ba su sauka zuwa 3 ba. Ni ban ce tauri alheri ne ba, cewa na yi abin da ke hannunsa ya isa.

Kai kana tsaye a fili da rana, an busa maka ƙararrawa, ka san kwali za ka harba. Shi ƙarfe biyun dare ne, makulli a hannu ɗaya, zuciya tana bugawa, yatsu sun yi sanyi ba sa jin abin da suke taɓawa. A irin wannan hali laba ɗayan da kake rainawa ita ce tsakanin "na yi niyya" da "ta kuɓuce min". Bindigar gasa ka yi mata abin da kake so cikin dokar gasarku. Wadda za ta kwana a ƙugu, a bar ta yadda injiniyoyin da suka gwada jefar da ita ƙasa suka bar ta. Ko kamfanin bindiga na Sig Sauer, da sojan Amurka suka zaɓi P320 ɗinsu a Janairun 2017, a cikin shekarar sai da suka kira masu ita su kawo a sauya musu kayan kunama kyauta, bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa. Cikin gyaran har da rage nauyin ƙarfen kunamar kansa. Kamfani mai ɗakin gwaji ke nan abu ya kuɓuce masa, balle mutum da fitilar waya a gareji.

Malam Na Fagge, Kano

Ku gafarce ni, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni abin nan yana min nauyi. Mu nan kullum labarin da muke tashi da shi na Zamfara ne da Katsina da Sakkwato, an kwashe mutane, an ƙone gari. Sai in buɗe waya in ga 'yan uwana suna tattauna yadda za a ƙawata bindiga kamar ana zancen kujerar mota. Kuma zauren nan akwai yara matasa da ke gida Najeriya suna karantawa. Ba zargin kowa nake yi ba, abin da ke raina na faɗa.

Kawu, mai kula da zaure

Malam, maganarku tana kan hanya kuma ba za a share ta ba. Yawancinmu nan muna da wanda abin ya taɓa, ni kaina ɗan ƙanwata sai da aka biya kuɗi kafin ya dawo. Bari in faɗa a sarari saboda na gida: abin da ake tattaunawa nan na mutanen da ke zaune Amurka ne, waɗanda dokar jiharsu ta ba su izini. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da rifolba cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashin gwangwani izininta daga Sufeto Janar yake, ta toka kuma daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duk wanda ya zo nan yana tambayar yadda zai samu ko ya ƙera ko ya shigo da ita gida, zan cire shi ba tare da gargaɗi ba.

Amma wanda ya riga ya mallaka bisa doka, gara ya yi tambaya a inda za a ce masa "kada ka yi" da ya bi bidiyo shi kaɗai. Ku duba, tun safe yawancin amsoshin hana shi ake yi.

Malam Na Fagge, Kano

Na fahimta Kawu. Allah ya tsare ku a can, ya kawo mana sauƙi a nan.

Ɗalibi, Ohio

Amin. Yayyena tambaya biyu. Ni da bizar karatu nake, zan iya saya? Sannan wani a Instagram ya turo min hoton wani ɗan ƙaramin abu da ake maƙalawa a bayan Glock, wai yana gyara kunama, yana sayarwa da arha.

Sajan Mai Ritaya, Killeen

Ɗana, toshe shi yanzu, kada ka amsa, kada ka tura ko sisi. Wannan abin ba gyaran kunama ba ne. Dokar tarayya tana ɗaukarsa a matsayin bindiga mai sarrafa kanta ko da yana cikin aljihunka babu bindiga a kusa, hukuncinsa yana kai shekara 10, kai kuma daga kurkuku sai jirgi. Wasu masu tallan ma tarko ne.

Tambayarka ta farko kuma, mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Mai katin zama na dindindin shi ne yake iya saya kamar ɗan ƙasa. Kada ka ɗauki fatawa a kan wannan daga zaure, har da ni. Karatu ya kawo ka, riƙe shi.

Tafinta, Minneapolis

Ina aikin tafinta a kotu, ba lauya ba ce ni, amma ina zaune a ɗakin ina jin yadda ake yi. Abin da mutanenmu ba sa lissafawa shi ne, ranar da aka yi harbi, ko da kai ne mai gaskiya, bindigar za ta tafi ɗakin bincike, a auna nauyin kunamarta, a rubuta duk abin da aka sauya. Massad Ayoob, wanda ya daɗe yana koyar da harbi yana kuma ba da shaida a kotuna a matsayin ƙwararre, shekaru yana gargaɗin kada a sassauta kunamar bindigar kare kai ƙasa da abin da kamfani ya tsara don aiki. Hujjarsa ita ce mai gabatar da ƙara ko lauyan masu neman diyya yana iya juya maganar daga "ya kare kansa" zuwa "sakaci ya yi, ta tashi ba da niyya ba", kuma kare kai ba ya zama hujja ga abin da aka ce kuskure ne.

Ƙara da wannan: mutum goma sha biyu ne, 'yan gari masu yanke hukunci a kotu, za su zauna su dube ka, baƙar fata, mai suna irin namu, mai magana da karin harshe. Ba na cewa ba za a yi maka adalci ba. Cewa nake kada ka ba kowa ƙarin abin riƙewa. Kaushin mariƙi yana da saukin bayani, hannuna gumi yake yi, na so in riƙe da kyau. Sassauta kunama bayaninsa ya fi tsawo.

Ɗan Gasa, Atlanta

Yaya, akwai masu koyarwa da yawa da ke ganin an zuzuta wannan tsoron, suna cewa in harbin halal ne to halal ne. Ni ma can na fi karkata. Sai dai gaskiya, wadda nake ɗauka in zan fita da iyali kunamarta ta kamfani ce, ban taɓa ta ba. Ta gasar ce kawai na sauya, kuma ko ita wani mai takardar shaidar gyaran Glock ne ya duba min bayan na ɗaura, ya gwada tsaron ukun a gabana. Don haka a aikace ni da Sajan ba mu yi nisa ba. Inda muka rabu shi ne zanen wuta, ni har gobe ina ganin mai haƙuri zai iya yi a gida.

Sajan Mai Ritaya, Killeen

Zai iya, ban hana ba. Na ce dai ya fara da fefa. In kuma mutum yana son ya yi ta gwaji da wuta, akwai bindigogin da aka yi don haka: a P320 da P365 lambar tana jikin ƙarfen ciki ne, mariƙin roba kuwa kaya ne kawai da ake saya daban da arha. Ka ƙona ɗaya ka jefar ka sa wani. A Glock ba haka ba ne.

Baban Amira, Houston

'Yan uwa na dawo da rahoto bayan sati uku. Na sa fefar, mai laushin roba a ɓangaren da ke taɓa cikina, na bar tudun yatsun yadda suke tukuna. Ranar Asabar na harba 100 cikin zafin rana, ba ta zame min ba ko sau ɗaya. Gefe ɗaya ya fara ɗagowa kamar yadda Ɗan Gasa ya faɗa, na bi shi da na'urar busar da gashi ta Maman Amira ya kwanta.

Gwajin harsashin bogi kuma na yi shi. Abokina ya sa guda biyu. A na farkon hancin bindigar ya yi ƙasa har abokin ya ce in sake kallon bidiyon da ya ɗauka, na kalla sau uku. Tun ranar kullum bayan Asuba ina minti goma ina jan kunama ba harsashi, a gareji, harsasan suna kulle a sama, na ɗora kwabo a kan saitin gaba ina ƙoƙarin kada ya faɗi. Satin farko yana faɗuwa kusan kowane ja, yanzu ina kai bakwai a jere. A yadi 7 harbin ya matso tsakiya, ko da yake in na yi sauri yana komawa hagu.

Kantar yatsan tana nan. Ita ce har yanzu take sa ni kallon ƙarfen sodar. Na gwada ɗigo a bayan wani tsohon magazin, layi biyu na farko sun yi kyau, na uku ya narke ya haɗe. Sajan, in na zo Killeen ƙarshen wata za ku duba min ƙasan zoben ku gaya min ko akwai abin ragewa?

Sajan Mai Ritaya, Killeen

Zo da ita a akwatinta ba harsashi a ciki, ka taho da kuben da kake sa ta, da harsashi 200, da magazin ɗin da ka yi gwajin a kai ina so in gani. Ka kira ni in ka wuce Temple, sai in sa a ɗora shinkafa.